Kanar mai ƙafa ɗaya da ya riƙe garin Winnipeg, da tsofaffin sojojinmu na Kaduna

Duk wanda ya tashi a Kaduna ba sai an yi masa bayanin waye soja ba. Garin nan tun asalinsa soja ne ya zana shi, sojojin Lugga ne suka fara kafa bariki a bakin kogin nan kafin a kwaso hedikwatar Arewa daga Zungeru a dawo da ita a 1917, shi ya sa har kwanan baya babban titinmu sunansa WAFF Road, sunan rundunar Turawan mulkin mallaka, kafin a mayar da shi Muhammadu Buhari Way, wato daga sunan runduna aka koma sunan janar. Ka tashi daga Kawo ga hedikwatar Runduna ta 1, ga tsohuwar NDA da aka buɗe a 1964, ga sabuwa can Afaka, ga sojojin sama a Mando, ga asibitin 44, ga masana'antar makamai a Kakuri, ka ɗau hanyar Zariya ga Jaji, ka ƙarasa Zariyar ga Defot inda ake gasa kurata. Da wuya ka samu layi ɗaya a Unguwan Dosa ko Hayin Banki ko Badarawa da babu gidan tsohon soja.

Toh amma abun da ya daɗe yana min yawo a kai shi ne, duk yawan tsofaffin sojojin nan, da wuya ka ji an ce ga wani ya cire kaki ya zo ya nemi kansila, ya ci, ya zama ciyaman, daga nan ya wuce Lugard Hall a matsayin ɗan majalisar jiha. Mu sojanmu in zai shiga mulki ta sama yake faɗowa.

Abun da ya taso min da maganar nan gardama ce da aka yi ta tafkawa a guruf ɗinmu na 'yan uwa a WhatsApp tun lokacin da sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar a Yulin 2023, ga na Mali da Burkina Faso sun riga sun yi nasu. Rabin guruf ɗin suna cewa ai dama soja ne kawai zai iya da baƙar fata, rabi suna cewa Allah ya kiyaye mu da komawa gidan jiya. Ana cikin haka ɗan yayata da ke karatu a Winnipeg can ƙasar Kanada ya jefo sunan wani mutum, ya ce kawu duba tarihin wannan, soja ne kuma ya yi mulkin garin da nake zaune, amma da ƙuri'a. Sunan mutumin Ralph Webb. Na duba, kuma wallahi na daɗe ban karanta rayuwar wani Bature da ta tuna min da mutanen unguwarmu irin tasa ba.

An haife shi a 1886, kuma ba a kan ƙasa aka haife shi ba, a cikin jirgin ruwa ne a tsakiyar teku a hanyar Ingila da Indiya. Yana saurayi ya koma Kanada. Da Yaƙin Duniya na 1 ya ɓarke a 1914 ya shiga soja kaman yadda samarin ƙasar suka yi ta shiga, Kanada ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan 8 ba a lokacin amma sama da mutum 600,000 suka sa kaki, kuma wajen 60,000 ba su dawo ba. Shi Webb ya dawo, sai dai ya bar ƙafa ɗaya a fagen fama. Ya kai muƙamin laftanar kanar, ya jagoranci bataliya ta 47, ya samu lambobin yabo na jarumta. Da aka gama yaƙi bai zauna yana jiran fansho ba, ya zama manajan wani babban otal a tsakiyar Winnipeg mai suna Marlborough, kuma a nan ne ya san manyan 'yan kasuwar garin su ma suka san shi.

Sai ka san halin da garin yake ciki kafin ka gane yadda aka yi manajan otal ya zama magajin gari. A 1919, wato sojoji na dawowa kenan daga Turai, ma'aikatan Winnipeg suka shiga yajin aikin gama-gari wanda har yau babu kamarsa a tarihin Kanada. An fara ranar 15 ga Mayu, mutum wajen 30,000 suka ajiye aiki, masu waya, masu gidan waya, 'yan kwana-kwana, direbobin jirgin cikin gari, kowa da kowa, garin ya tsaya cak har sati 6. Abun da suke nema bai wuce ƙarin albashi da 'yancin ƙungiya ta yi ciniki da masu kamfani a madadin ma'aikata ba, kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabi lokacin yaƙi albashi kuma yana nan inda yake, mu da muka ga abun da cire tallafin mai ya yi wa albashi ba sai an fassara mana ba. Masu kuɗi suka ce ai wannan ba yajin aiki ba ne, kwaminisanci ne irin na Rasha ake son shigo da shi. Su kansu sojojin da suka dawo sun rabu biyu, wasu suna maci tare da masu yajin aiki don su ma sun dawo sun tarar ba aiki, wasu suna maci a ɗaya ɓangaren. Ranar Asabar 21 ga Yuni 'yan sandan doki suka afka wa taro suka buɗe wuta, mutum 2 suka mutu, bayan 'yan kwanaki aka janye yajin, shugabannin da aka kama kuma daga baya aka ɗaure wasunsu.

Garin bai warke ba. Ya rabu gida biyu, arewacin gari na leburori da baƙin haure daga Yukren da Polan da Yahudawa, kudanci na masu hali 'yan asalin Ingila, kowane zaɓe sai ya koma kaman ana sake yajin aikin 1919 ne a akwati. Mu 'yan Kaduna da kogi ya raba mu tun bayan rikicin 2000, kowa ya san wanda ke kwana a wane tsallake, ba za mu ce ba mu gane irin wannan garin ba, duk da dai nasu rabuwar ta aljihu ce tamu kuma ta addini ce.

A 1923 da 1924 mutumin ma'aikata ne ke riƙe da garin, Seymour Farmer. 'Yan kasuwa suka rasa wanda za su tsayar ya kayar da shi, sai suka waiwayo kan kanar ɗin otal, ga lambobin yaƙi, ga ƙafar da ya bayar saboda ƙasa, ga baki, ga shi bai taɓa siyasa ba balle a tono masa wani abu. Ya tsaya a ƙarshen 1924 ya kayar da Farmer. Ya yi 1925 zuwa 1927, ya sauka, ya dawo 1930 zuwa 1934, shekara 8 kenan in ka haɗa. Kuma ga abun da ya fi ɗaure min kai, a wancan zamanin wa'adin magajin garin Winnipeg shekara 1 ne tak. Duk shekara sai ka koma wajen mutane. Ka yi tunanin ciyaman ɗin Kaduna ta Arewa da ke zaune a sakatariyar Magajin Gari a ce duk ƙarshen shekara sai ya fito ya tsaya a gaban mutanen Kawo da Malali da Unguwan Shanu sun sake auna shi, ai ko kwatar ƙofar gidanka ce ta toshe da kansa zai zo da shebur.

Mutumin akwai kuzari, wannan kam ko maƙiyansa ba su musa ba. Shi a ganinsa garin kaya ne da za a tallata, irin tunanin mai otal dai, a kawo baƙi a cika ɗakuna. A Janairun 1926, tsakiyar hunturu, lokacin da sanyin Winnipeg ke kaiwa 30 ƙasa da sifili, ya ja ayarin motoci daga Winnipeg har New Orleans can ƙarshen kudancin Amurka, tafiyar da ta ninka Kaduna zuwa Legas fiye da sau biyu, a motocin 1926 fa, a kan hanyoyin da yawancinsu ba kwalta, don kawai ya nuna wa Amurkawa cewa garinsa ba a binne yake cikin ƙanƙara ba, ana shiga ana fita, su zo su kashe kuɗinsu. Kuma ya san abun da zai jawo su, a lokacin Amurka ta haramta giya tun 1920, lardin Manitoba kuwa, inda Winnipeg take, ya sassauta tasa dokar a 1923. Wannan ɓangaren ba abun koyi ba ne a wajenmu, na dai faɗa ne don a san ba waliyyi nake ba da labari ba.

Sai ɗaya fuskar. Kanar bai iya jure a ce masa a'a ba. Duk wanda ya ɗaga murya a kan albashi ko ya tara marasa aiki suka yi zanga-zanga, a wajensa mai tayar da zaune tsaye ne, har ya taɓa fitowa fili yana kan kujera ya ce kamata ya yi a kwashe irin waɗannan a watsa su cikin kogin Red River da ya ratsa garin. Da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, alkama ta faɗi, masana'antu suka rufe, layin masu karɓar tallafin abinci ya yi tsawo, maganinsa shi ne a tattara 'yan kwaminis baƙin haure a mayar da su ƙasashensu. Mutum ne mai son sarautar Ingila har cikin ɓargo, ɗan jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau, kuma da ita ya ci kujerar majalisar lardin Manitoba a 1932 daga mazaɓar Assiniboia, yana magajin gari yana ɗan majalisa a lokaci guda na wasu shekaru, dokarsu ta yarda da haka. Lardi a wajensu shi ne kaman jiha a wajenmu.

Da na kai nan a karatun sai na yi dariya ni kaɗai, sabida na san wannan halin, muna sallah sahu ɗaya da shi.

Akwai wani tsohon saje a layinmu da muke ce wa Baba, ya yi ECOMOG, yana cikin waɗanda aka kai Laberiya a 1990, daga baya Saliyo, ya yi shekarunsa ya ajiye kaki ya dawo gidan da ya gina da kuɗin sallama, ɗaki uku da shago a gaba. Kafin ya tare layin nan namu ba ya shiguwa da damina, kwata ta cika da leda da robar fiya wata, ruwa ya bi ta cikin gidaje. Shi ya fara fitowa da asuba ranar Asabar da dogon takalmin roba da shebur da baro, bai ce wa kowa komai ba, sati biyu yana yi shi kaɗai, a na uku kunya ta fito da mu. Daga nan ya buɗe littafi, irin dogon littafin rajista mai baƙin bango, kowane gida da sunansa da abun da zai bayar duk wata, da shi aka sa ƙofar ƙarfe a bakin layi, aka ɗauki 'yan sintiri biyu, aka sayi fitilu masu sola guda huɗu, kuma duk ƙarshen wata bayan isha'i zai tsaya a ƙofar masallaci ya karanto abun da ya shigo da abun da ya fita har naira hamsin ɗin da aka sayi batirin tocila. Ban taɓa ganin wanda ke riƙe kuɗin jama'a da tsoron Allah irinsa ba.

Amma fa kar ka makara. Ƙarfe 11 na dare yake sa a rufe ƙofar, kuma 11 ɗinsa 11 ce, akwai ranar da wani maƙwabcinmu ya dawo da matarsa daga asibiti ƙarfe 11 da kwata, sai da aka taso Baba daga barci aka yi ta ba shi haƙuri kafin ya bada makulli, yana ta faɗa wai me ya sa ba a sanar da shi tun da rana ba, kaman naƙuda tana bada notis. Samarin da ya kama suna zaman banza a kan dakalin wani sai da ya sa su tsallen kwaɗo daga farkon layi zuwa ƙarshe, iyayensu suka zo aka yi ta kai ruwa rana. A taron kwamiti kuwa in ka ce Baba ni ina ganin da an yi kaza, sai ya kalle ka ya ce ɗana an riga an gama wannan maganar, alhali shi kaɗai ya gama ta a ɗakinsa. Hali zanen dutse.

Duk da haka da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso mu muka je muka same shi muka ce Baba ka fito kansila, mun gaji da yaran da ba a ganinsu sai ranar rabon atamfa. Da farko ya ƙi, daga baya ya yarda, muka yi karo-karo aka sayi fom, aka buga fosta da hotonsa cikin farar shadda da hula zanna, ya bi gida gida da ƙafarsa, har ya koyi murmushi. Ana saura 'yan kwanaki a yi fidda gwani aka kira su ofishin jam'iyya aka ce an yi maslaha, manya sun zauna, ga sunan wanda zai tsaya, sauran a yi haƙuri a mara masa baya akwai gaba. Ba a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba. Da ya dawo na same shi a kan bencin shagonsa na ce Baba yaya aka ƙare, ya ce ɗana, a soja in oda ta zo daga sama ko ba ka so ka san wanda ya sa hannu, ka san lambarsa, in ta ɓaci ka san wanda za a tambaya, nan kuwa takarda ce kawai ta zo ba wanda ya ce shi ya rubuta. Bai sake zancen takara ba, ya koma kan littafinsa da kwatarsa.

Shi ya sa in ana gardamar nan ta soja ko farar hula nake ganin an bar inda gizo ke saƙar. Webb da Baban layinmu duk abu ɗaya bariki ya koya musu, ka tashi da wuri, ka yi aiki, ka riƙe lissafi, kar ka saurari ƙorafi. Rabin farko gari yana buƙatarsa ƙwarai, rabin ƙarshe kuma shi ke kashe gari in ba a samu mai taka masa burki ba. Abun da ya taka wa Webb burki ba kyawun halinsa ba ne, akwatin zaɓe ne da ke jiransa duk shekara da kuma kansiloli 'yan ƙwadago da ke zaune a gabansa suna mayar masa da magana, ba shi da ikon ya sa a kulle su a gadurum. Zai iya cewa a jefa su kogi, amma ba shi da wanda zai ba odar ya jefa ɗin.

Mu kuwa duba ta inda namu suka shigo. Daren 15 ga Janairun 1966 a cikin garin nan Manjo Nzeogwu, wanda Kaduna ce ma sunansa na tsakiya don a nan aka haife shi, ya kai hari gidan Sardauna, kuma kafin sati ya zagayo Hassan Usman Katsina yana da shekara 32 ya zama gwamnan Arewa gaba ɗaya, ba wanda ya zaɓe shi. Bayansa Abba Kyari ya riƙe jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967 har 1975, shekara 8 daidai da na Webb amma ba tare da ya taɓa tsayawa gaban akwati ba. Aka yi ta jero su, Usman Jibrin, Dangiwa Umar daga 1985 zuwa 1988, Lawal Jafaru Isa, Hamid Ali, wasunsu har yau ana yabonsu a garin nan kuma ni ma ba zan ce ba su yi aiki ba, amma in sun yi daidai sa'a ce muka yi, in sun yi kuskure ba inda za mu kai ƙara. Zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 manyanmu suna ba da labarin yadda aka koyi bin layi a tashar mota, suna kuma ba da labarin bulalar, ya danganta da wanda ka tambaya da kuma ko bayansa ta sauka.

Da aka dawo farar hula a 1999 ma waɗanda suka cire kaki suka shiga siyasa ba daga ƙasa suka fara ba. Obasanjo daga kurkuku sai fadar shugaban ƙasa, David Mark sai majalisar dattawa har ya shugabance ta daga 2007 zuwa 2015, Buhari da ya zauna a garin nan shekara da shekaru tun takararsa ta farko a 2003 kujerar shugaban ƙasa ya nema har ya samu a 2015. Janar ba zai nemi ciyaman ba, ya fi ƙarfin nan, ai ya riga ya yi gwamna yana ɗan shekara talatin da wani abu. Saje da kofur da suka san unguwa, suka san wace kwata ce ke toshewa, su kuma ba su da kuɗin deliget ba su da ubangida. Sai ka gan su cikin kakin Lijiyon, ƙungiyar tsofaffin sojoji, suna gadin ƙofar banki ko makaranta, ko ranar 15 ga Janairu an jera su a rana ana ajiye furanni a tuna da 'yan mazan jiya. Kakanninsu ma haka aka yi da su, dubban 'yan Arewa da aka kwasa zuwa ƙasar Burma a Yaƙin Duniya na 2 cikin runduna ta 81 da ta 82, sun dawo da lambobi da labarin daji, mafi yawansu suka ƙare a masinja da ɗan doka da gadi. Bariki ɗin Chindit na Zariya daga wancan yaƙin sunansa ya samo asali.

Kuma ko da sajen ya samu shiga, wace kujera zai tarar. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda shi ma gwamnatin soja ce ta yi, ya ce ƙaramar hukuma mataki ne na uku na gwamnati mai cin gashin kansa, amma kowa ya san yadda asusun haɗin gwiwa da jiha ya mayar da ciyamomi masu jiran a sammusu. Sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye kuma gwamna ba shi da hurumin naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu. Mu a nan muna da 23, da kujeru 34 a majalisar jiha, har mun yi abun da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan a 2018 da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura. Na'urar dai tana ƙirga abun da aka danna ne, ba ita ke zaɓen sunan da za a sa a cikinta ba, wannan tun a ofishin jam'iyya ake gamawa kaman yadda aka gama da Baba.

Ɗan yayar tawa da na tura masa wannan tunanin cewa ya yi kawu kar ka ɗauka can ma aljanna ce, ai 'yan kasuwa ne suka ɗauko Webb suka tsayar, su ma iyayen gida ne. Gaskiyarsa. Bambancin kawai shi ne bayan sun tsayar da shi sai da ya je ya ci, kuma ɗaya ɓangaren ma suna da ƙarfin da za su ci. A 1933, Webb na kan kujera yana ta kiran a kori 'yan kwaminis, mutanen arewacin garin suka zaɓi wani ɗan kwaminis mai suna Jacob Penner ya zama kansila, ya zo ya zauna a zauren da kanar ke shugabanta, kuma ya daɗe a wannan kujerar fiye da shekara 20. Da Webb ya sauka a ƙarshen 1934 wanda ya gaje shi John Queen ne, ɗaya daga cikin shugabannin yajin aikin 1919 da aka yanke wa ɗaurin shekara 1, wanda yana cikin kurkukun ma mutane suka zaɓe shi ɗan majalisar lardi a 1920. Irin wannan mun ɗan taɓa gani, Oshiomhole daga masaƙar Arewa Textiles ta nan Kaduna ya taso cikin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu har ya shugabanci NLC ya zama gwamnan Edo a 2008, sai dai shi ma ba ta kansila ya bi ba. Mun kuma ga akasin haka a Lugard Hall a 1981 lokacin da majalisar da NPN ke da rinjaye ta tsige Balarabe Musa na PRP bayan ta ƙi amince masa da kwamishinoni, wato mu zaman 'yan adawa a zaure ɗaya bai kai shekara 2 ba aka raba gari.

Can kuwa daga 1932 har 1941 Webb yana zaune a majalisar Manitoba, Queen yana ciki, Farmer da ya kayar a 1924 shi ma yana ciki, shekara 9 suna kallon juna suna musu a kan kuɗin tallafin marasa aiki. Da Yaƙin Duniya na 2 ya zo kanar ya sake komawa cikin kaki da ƙafarsa ɗaya, wannan karon ba fagen daga ba, ɓangaren ciyar da sojoji aka ba shi, aikin da ya dace da tsohon manajan otal. Ya rasu a Ottawa ranar 1 ga Yunin 1945, 'yan makonni bayan an gama yaƙin a Turai, yana da shekara 58.